Da-na-sani ƙeya ce: amsa ga angon da ke son zuwa dashen gashi

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, ina zama a shagon yayana a Kantin Kwari. Tun ina ɗan shekara 21 gashin gaban goshina ya fara ja da baya, yanzu har tsakiyar kai ta fara haske. Mahaifinmu ma haka yake, ba abin da ya rage masa sai ƙeya da gefen kunnuwa. A majalisa "Filin Jirgi" abokai suke kirana. Ina taya su dariya, amma Allah ya sani abin yana ci mini rai, ko ƙwallo na daina bugawa don kada in cire hula. An sa ranar aurena nan da wata huɗu. Na ga wani asibiti na Turkiyya a Instagram, na tura musu hoton kaina ta WhatsApp, ba a yi awa ɗaya ba suka ce za su dasa mini saiwa 5,000 a zama ɗaya a kan dala 2,500, har da otal da motar da za ta ɗauko ni daga filin jirgi. Ina da rabin kuɗin, in na taɓa kuɗin lefe za su cika, sai in mayar daga baya. Kawu, waɗanda suka yi abin nan suna jin daɗi ko suna nadama? Akwai haɗari? Kuma ya halatta?

Ɗanka M., daga Fagge

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Kafin komai ka sani mai ba ka amsar nan shi ma in ya cire hula sai ka iya duba fuskarka a kansa. Nawa sanƙon ya girme ka. Kuma na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin jinya, mafi yawa a ɗakin tiyata, saboda haka wuƙa da allura da ɗinki ba baƙina ba ne. Ba zan ce maka damuwarka shirme ce ba. Masu cewa "ai sanƙon kuɗi ne" yawancinsu da sumarsu cif suke faɗa.

Amsata a taƙaice ita ce: kada ka yi shi kafin biki, kada ka yi shi a wannan wurin da ka ba ni labari, kuɗin lefe kuwa ko kallonsu kada ka yi. Ba don dashen gashi ƙarya ba ne. Gaskiya ne, yana aiki, kuma akwai mutane da yawa da suka yi suna gode wa Allah. Sai dai kai, a shekarunka da irin kanka da wannan wata huɗun, kana tsaye ne daidai kan layin da masu nadama suka fi fitowa.

Bari mu fara da sunan abin. Dashe. In ka taɓa bi ta Kura ko Kadawa lokacin noman rani ka ga yadda ake yi da tumatir: a zuba iri a ɗan wuri, in ya tasa a tuge a kai gona a dasa. Haka likita yake yi da kanka. Ba ya ƙirƙirar gashi ko sili ɗaya. Daga ƙeyarka da gefen kanka yake ciro saiwa ya kai gaba. Bambancinka da manomin Kadawa shi ne in irinsa ya ƙare zai shiga kasuwa ya sayo wani, kai kuwa gadon irinka ɗaya ne tak, kuma duk saiwar da aka tuge daga ƙeya ba za ta sake tsirowa a wurin ba har abada. Ba a kuma aro na wani, jiki ba ya karɓa.

Me ya sa sai ƙeya? Sanƙon gado, irin naka da na mahaifinku da nawa, wani sinadarin maza ne da ake kira DHT yake jawo shi. Yana bin saiwoyin gaba da na tsakiyar kai yana ƙanƙantar da su, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina. Saiwoyin ƙeya ba su cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa za ka ga dattijo kansa tal amma ƙeyarsa na nan. Wani likitan fata na birnin New York mai suna Norman Orentreich ne ya nuna, a wani rubutu da ya fitar a 1959, cewa saiwar ƙeya in aka kai ta gaba tana tafiya da halinta. Kafin shi ma, tun 1939, wani likita a Japan mai suna Okuda ya yi irin wannan dashe. Ka ga abin ba sabo ba ne, tallansa a waya ne sabo.

Yanzu mu yi lissafi irin na 'yan Kwari. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000. Abin da suke kira saiwa ɗaya a cinikinsu ɗan dunƙule ne mai sili 1 zuwa 4. Likitocin wannan fanni sukan ƙiyasta cewa abin da za a iya cira daga ƙeyar mutum a duk tsawon rayuwarsa, ba tare da ta nuna ba, bai cika wuce saiwa 6,000 zuwa 8,000 ba, wannan ma ga mai cikar gashi ke nan. Mu baƙar fata gashinmu bai kai na Turawa yawa a fatar kai ba, murɗewarsa ce take sa a ga kamar ya fi cika. To mutumin da bai taɓa ganinka ba, bai sa hannu a kanka ba, daga hoton waya cikin awa ɗaya ya yanke cewa zai kwashe 5,000 a yini guda, me ya bar maka? Da a ce yaron shago ne ya zo ya ce zai fitar da kusan duk jarin a ciniki ɗaya da baƙon da ya gani a waya, na san abin da yayanka zai yi masa.

Kuma sanƙonka bai gama tafiya ba. Wannan ita ce maganar da 'yan talla ba sa so a yi. Shekara biyar ke nan da farawarsa, ya ci gaba ya taɓa tsakiya, ga kuma kan mahaifinku yana nuna maka inda hanyar ta nufa. Dashe ba ya tsayar da zubewar gashin da ya rage. Sai a cika maka gaba yau, ka yi shekara biyu ko uku kana jin daɗi, gashin asali da ke bayan dashen ya ci gaba da zubewa, a wayi gari kana da ɗan tsibirin gashi a goshi, bayansa fili fetal. Ka koma neman dashe na biyu, a duba ƙeya a ce babu abin ɗauka. Kai mai son ƙwallo ne, ka san Wayne Rooney. A 2011, yana ɗan shekara 25, da kansa ya sanar da duniya cewa an yi masa dashe. A 2013 sai da ya koma aka ƙara. Shi albashin Manchester United yake ɗauka a lokacin, komawa ba ta dame shi ba.

Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. A wannan harka maganar ba karin magana ba ce kawai, don nadamar da ta fi ciwo a ƙeyar take zama. Na taɓa karɓar wani matashi a wurin aiki, ya dawo daga irin wannan tafiya da 'yan makonni. Gaban kansa ya yi ruwa yana wari, wani wuri fatar ta yi baƙi ta mutu saboda an cusa saiwoyi da yawa a ɗan fili har jini ya kasa kaiwa. Wannan mun yi ta wanki da magani har ya warke, ya bar tabo. Amma abin da ya sa shi hawaye sai da aka riƙa masa madubi ya ga bayan kansa: an yashe shi, ya koma kamar tabarmar da gara ta ci. Mutumin da a da in ya ga dama zai je wurin wanzami a yi masa ƙwal-kwabo ya fito fes, yanzu ko wannan ba zai iya ba, don ɗigo-ɗigon tabo ne fari a kan baƙar fata. In ya tara suma ba ta rufe, in ya aske tabo ya fito. Lambar da take amsa masa saƙo cikin minti biyu kafin ya biya kuwa, sai ta koma ana karantawa ba a amsawa. Garin neman gira ke nan.

Sai maganar wata huɗu, wadda ita kaɗai ta isa ta rushe shirin. Ga yadda kwanakin suke tafiya ko da ƙwararren ƙwararru ne ya yi aikin. Kwanakin farko goshi yana kumbura, wani har idanu. Ɓawon ciwo yakan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu kafin ya kakkaɓe. Daga mako na biyu zuwa na takwas gashin da aka dasa yana zubewa kusan duka, saiwar ce take zama a ciki tana hutawa. Wani lokaci har gashin asali da ke kusa da wurin yakan firgita ya zube na ɗan lokaci. Sabon tsiro sai wata na uku ko na huɗu yake fara leƙowa, siriri, nan da can. Ainihin sakamako sai an shekara, wani har shekara da rabi. Ka lissafa da kanka: ko gobe ka hau jirgi, ranar da za a kai maka amarya kanka ba zai fi na yau kyau ba, wataƙila ma ya fi muni. Kuma wai tsaya, wane ango ne a Kano ake ganin kansa? Daga ɗaurin aure har dina, babbar riga ce da Zanna Bukar.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da tallan ba ya ambata domin ba don mu aka tsara shi ba. Kusan mako biyu ba za ka kafa hula mai kama kai ba, kai da ko ƙofar gida ba ka fita babu ita. Kwanakin farko za a hana ka sunkuyar da kai, ka ga sujada da shafar kai a alwala sai ka nemi yadda mai rauni yake yi. Za a ce ka guji rana da gumi da ƙura. A Kwari. Ka faɗa mini ta ina.

Fatarmu ma tana da nata hukunci. Gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, saiwar kanta a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata kamar ƙugiya. Hanyoyin aikin biyu ne: ko a yanko ɗan zirin fata daga ƙeya a ɗinke wurin a rarraba saiwoyin, wannan ita ce FUT, tana barin tabo dogo, ko a bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan bututu mai kaifi wanda faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ba, ita ce FUE, wadda ake yawan tallatawa yanzu. Hannun da ya saba da miƙaƙƙen gashi in ya soka bututun nan a miƙe sai ya datse saiwar mai lanƙwasa, ta tashi a banza: an cire daga baya, ba ta tsira a gaba ba. Sannan mu ne muka fi kowa yin tabon nan mai tudu da yake ci gaba da girma bayan ciwo ya warke, wanda likitoci suke kira kiloid. Ka duba jikinka. Wurin tsagar wanzami, ko ƙaho, ko tsohon rauni, ko kurajen ƙirji, akwai wanda ya yi tudu mai sheƙi? Kana yin kurajen nan masu tauri a ƙeya bayan aski? In amsar e ce, to maganar dashe sai likitan fata ya yi dogon nazari, wataƙila ma ya hana gaba ɗaya.

Ka tambayi haɗari. Yawanci abin da ake gani kumburi ne, ƙaiƙayi, ƙananan kuraje, da mutuwar fatar kai ta rashin ji wadda takan ɗauki watanni kafin ta dawo. Waɗannan suna wucewa. Masu nauyin su ne shigar ƙwayoyin cuta, mutuwar fata irin wadda na ba ka labari, da illar allurar kashe zafi in aka yi ta ƙarawa saboda aikin ya ɗauki awa bakwai ko takwas. Ba kasafai ake mutuwa ba, amma an mutu. A Indiya an yi irin haka fiye da sau ɗaya, har da wani ɗan shekara 30 a Delhi a 2022 da cuta ta shiga jininsa bayan dashe, magana ta kai kotu. Kuma a wurare masu araha irin wanda ka samu, sau da yawa likitan da ke cikin hoton leƙowa kawai yake yi ya zana layi a goshi ya wuce ɗaki na gaba, yaran aiki ne suke yanka da dasawa. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan. Ba ina cewa duk Turkiyya haka take ba, a Istanbul akwai ƙwararru na gaske. Sai dai ƙwararre ba ya yanke maka adadi daga hoton WhatsApp, kuma ba shi ne mafi araha ba. Araha ba ta ado. Ka kuma lura dala 2,500 ɗin nan babu tikiti a ciki, babu biza, babu kuɗin komawa in abu ya ɓaci, kuma da farashin 'yan canji na Wapa za ka sayi dalar.

To su wane ne suke jin daɗi? Na san su, akwai su a garin nan, wasu kana gaisawa da su ba ka sani ba, wanda shi ne alamar aiki ya yi kyau. Galibi za ka tarar mutum ya haura talatin, sanƙonsa ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, ƙeyarsa cike take, ya zauna da likitan ido da ido kafin a taɓa shi. Kuma bai je neman sumar da yake da ita yana aji uku na sakandare ba. Ya yarda a sa masa layin goshi irin na babban mutum, a ɗan sama, a rufe abin da za a iya rufewa, a bar masa ajiya a baya saboda gaba. Masu nadama kuwa kusan labarinsu ɗaya ne: sun yi da wuri, sun nemi a sauko da layin har kusa da gira, an ja shi a miƙe kamar da rula, gashin ya fito tsaye cirko-cirko kamar burushi, ko kuma an yashe ƙeyar. Akwai kuma wanda aikin ya yi kyau amma bai gamsu ba, domin abin da yake damunsa tun farko ba a fatar kai yake ba.

Abin da nake so ka yi da ɗan abin da ka tara shi ne ka ga likitan fata. Akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano. Ya duba ya tabbatar sanƙon gado ne, domin akwai makero da wasu cututtukan fatar kai da suke cinye gashi, waɗanda maganinsu daban ne, dashe a kansu kuma asara ce. In na gado ne, akwai magunguna biyu da aka tabbatar suna rage gudunsa: Minoxidil na shafawa, da ƙwayar Finasteride wadda aka amince da ita don sanƙo a Amurka tun 1997, ita ce take rage DHT ɗin nan. A shekarunka, da sauran gashi a ka, su ne suka fi dashe amfani, don riƙe abin da ke hannu ya fi sauƙi. Amma sai an yi wata shida zuwa shekara kafin a ga aikinsu, kuma in ka daina, cikin 'yan watanni gashin da suka riƙe maka zai zube, sanƙo ya ci gaba da tafiyarsa. Tunda kuma ango ne kai, dole in faɗa maka ba kunya: Finasteride takan rage wa wasu ƙalilan daga masu shanta sha'awa ko ƙarfi, takan kuma taɓa maniyyin wasu, kuma mace mai ciki ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Saboda haka ba abin da za ka aika yaro kemis ya sayo ba ne. Ka gaya wa likitan an kusa bikinka, ku yanke tare. Ka kuma gaya masa in kana da ciwon suga, hawan jini ko sikila, ko kana shan sigari ko shisha. Man da masu lasifika suke sayarwa a bayan mota kuwa, wanda yake maganin sanƙo da basir da sanyi a kwalba ɗaya, na shafa irinsa da ƙuruciya. Ga kaina nan shaida.

In ka yi shekara biyu ko uku a haka, zubewar ta tsaya, kana da kuɗinka na kanka, zuciyarka kuma har yanzu tana so, sai mu sake zama. A lokacin za ka tambayi sunan likitan da zai riƙe wuƙar da lasisinsa, mutum nawa yake yi wa aiki a rana, ka ce a nuna maka hotunan baƙaƙen fata irinka bayan shekara guda, gaba da ƙeya, ba a jiƙe ba kuma ba a cikin duhu ba. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Maganar halacci, ni ba malami ba ne, amma abin da na karanta shi ne manyan malamai irin su Shaihu Ibn Usaimin sun halatta, suka ce gusar da aibi ne da mayar da abu yadda Allah ya halicce shi, ba irin ƙarin gashin da aka hana ba ne. Sukan kafa hujja da hadisin mutum uku na Banu Isra'ila da ke cikin Bukhari da Muslim, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau aka kuma ba shi. Ka ƙara tambayar malaminku. Amma ka haɗa masa da tambaya ta biyu, ta kuɗin lefen da za a taɓa a ɓoye da niyyar mayarwa. Na ga aure da yawa da aka ɗaga saboda "zan mayar kafin lokaci". Gwaggonnin yarinyar nan ranar buɗe akwati turmi za su ƙirga, ba silin gashi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka ba dala ba ce, ƙwallon da ka daina ce. Saurayi ɗan shekara 26 ya bar abin da yake so saboda 'yan majalisa, waɗanda rabinsu nan da shekara goma za su zo suna tambayarka sunan man da kake shafawa. Kuma duk tsawon wasiƙar ba ka gaya mini abu ɗaya ba: ita yarinyar ta taɓa ganin kanka babu hula? Ina zargin ba ta taɓa ba, kuma ina zargin wannan ne ainihin abin da yake kai ka Turkiyya a guje. Nan da wata huɗu za ta gani, da dashe ko babu. Zance na gaba in kun zauna, ka cire hular ka ɗora a gwiwa kamar zafi ne ya dame ka, ka ci gaba da hirarka. Ni haka na yi wa gwaggonku a zauren gidansu a Gwammaja, ta kalli kan, ta kalle ni, ta ce dama ƙannenta sun riga sun gaya mata.

Ka rubuto mini abin da taka ta ce. Asibitin kuma ka yi sammako, layin yankar kati tun da asuba yake farawa.

Kawunku